Kafin ka sa wa motarka fitilar zenon

Aikina rewaya ne a nan cikin garin Sakkwato. Da zarar hunturu ya kawo kai, sai masu mota su fara zuwa da buƙata iri ɗaya: a cire musu ƙwan fitilar da motar ta zo da shi, a sa mai farin hasken nan, zenon. Galibinsu masu bin hanyar Illela ne, ko ta Tambuwal zuwa Jega, bayan magariba. Kuma kukansu gaskiya ne. Halojin ɗin tsohuwar Corolla, wato ƙwan da ta zo da shi, ba ya nuna maka jaki a tsakiyar titi sai ka zo dab da shi. Duk da haka ba kowa nake yi wa aikin ba, domin ba kowace fitila ce ke karɓar zenon ba, kuma wanda ya sa shi inda bai dace ba, kansa ya cuta, ya kuma cuci duk wanda ya yi karo da shi a hanya.

Saboda haka, ɗan'uwa, kafin ka fitar da ko kwabo, tsaya gaban motarka ka leƙa cikin gidan fitilar. Idan ka hangi wani dunƙulen gilashi mai kauri kamar idon saniya, to furojekta gare ka, aikinka zai zo da sauƙi. Idan kuwa kwano ne mai ƙyalli da ƙwai a tsakiya, kana iya ganin ƙwan da idonka, to wannan gidan halojin ne zalla. An ƙera kwanon ne daidai da 'yar wayar da ke ci a cikin ƙwan halojin, tsawonta da kaurinta da inda take zaune. Shi zenon ba shi da wannan waya. Wuta ce ke tsallakawa tsakanin ƙarfe biyu a cikin iskar gas, ta yi baka, kuma haskenta yana fitowa daga wurare da kwanon bai san da su ba. Sai hasken ya watse, wani ya yi sama, wani ya yi gefe. Kai da ke ciki za ka ga gaban bamba ya yi fari fat, ka ce ka samu abin da kake nema, alhali can nesa inda kake buƙatar gani duhu ne, kuma farin da ke kusa ya sa idonka ya ƙara kasa ganin nesan. Shi kuwa ɗan kabu-kabun da ke tahowa daga Kware da mace da goyo a bayansa, ka rufe masa ido gaba ɗaya na wasu daƙiƙu. Wannan ne ya sa ba na sa zenon a cikin kwano, ko nawa za a biya.

Furojekta yana da wani faifan ƙarfe a ciki da ke yanke hasken daga sama, sannan gilashin ya tattara sauran ya shimfiɗa shi a kan titi. Da shi ne ƙarfin zenon ke zama alheri. Ƙwan H7 na halojin yana cin wat 55, ya ba da haske kamar lumen 1,500 (lumen shi ne ma'aunin yawan haske). Zenon na asali yana cin wat 35 kacal, ya ba da wajen lumen 3,000, wato ninki biyu da ƙarancin wuta. Tun 1991 kamfanin BMW ya fara sa shi a manyan motocinsa, kuma a Turai doka ta ce fitilar da haskenta ya haura lumen 2,000 sai an haɗa ta da na'urar daidaita tsayi da kanta da kuma mai wanke gilashi. Ka ga su da suka ƙirƙiro abin ba su ɗauke shi wasa ba.

Akwai abu biyu da nake dubawa tukuna, domin sau da yawa ba ƙwan ne ke da laifi ba. Na farko murfin fitilar. Roba ce, kuma ranar Sakkwato ba ta raga mata: tana yin ja, ta dushe, ta riƙe hasken a ciki. A goge ta da samfefa da ruwa, a fara da lamba 800, a bi da 1500, a gama da 2000 ko 3000, a sa man gogewa, sannan a fesa mata fentin kariya marar launi, in ba haka ba cikin 'yan watanni za ta koma yadda take. Na biyu wutar da ke isa ga ƙwan. Idan inji na aiki, batir ya kamata ya nuna tsakanin bolt 13.8 da 14.4. Ka auna a bakin soket ɗin fitila tana kunne. Idan ka tarar an yi asarar bolt guda ko fiye a hanya, to tsofaffin wayoyi ne ko as, wato wayar da ake ɗaurewa a jikin ƙarfen mota, da ya yi tsatsa, kuma halojin yana dushewa sosai da ɗan ragin wuta. Akwai waɗanda daga an goge murfi an gyara waya, sai su ce sun fasa, hasken ya ishe su.

Idan har ka tsaya a kan zenon, hanya uku ce. Mai furojekta tun asali ya sayi kayan da suka dace da gindin ƙwansa. Mai kwano ko dai ya nemi cikakken gidan fitila mai furojekta na irin motarsa a wurin masu kayan Beljiyam, ko kuma a buɗe nasa a dasa masa furojekta a ciki. Dasawar ita ce aikin da ya fi cin lokaci. Ana cire fitilar daga mota, a hura wa gefen murfin iska mai zafi har ɗankon ya yi laushi, a ɓamɓare a hankali, a zura furojektan ta ramin ƙwai a ɗaure shi da noti ta baya. Kada a mayar da murfi sai an ɗora fitilar a mota an kunna an ga layin hasken ya kwanta daidai, bai karkace ba. Wajen rufewa a sa sabon ɗanko a matse sosai, don ƙurarmu duk inda ta samu kafa sai ta shiga.

Wani abu da masu saye ke mantawa: mu a Nijeriya hannun dama muke bi tun 1972. Furojektan da ya dace da mu, layin haskensa yana ɗan tashi sama ta gefen dama don ka ga mai tafiya a ƙasa da allon hanya, ya kwanta ta hagu inda masu tahowa suke. Wanda aka yi don Ingila ko Japan akasin haka yake, tashinsa yana shiga idon mai tahowa kai tsaye. Ka sa a kunna maka shi a jikin bango tun a shago.

Lambar gindin ƙwai tana rubuce a jikin tsohon da ka cire: H1, H7, H11, 9005, 9006 ko H4. Shi H4 ya fi wahala, domin ƙwai ɗaya ne ke yin dim da ful. Idan ka sa masa zenon mai sauƙin kuɗi, ful ɗinka ya tafi ke nan. Maganinsa furojekta mai aiki biyu, wanda faifan cikinsa ke faɗuwa idan ka ja ful, hasken ya fito gaba ɗaya. Idan motarka na da ƙwan ful daban, ka bar shi a halojin. Zenon yana ɗaukar 'yan daƙiƙu kafin ya kai cikakken haskensa, ba ya son a riƙa kunna shi ana kashewa, mu kuma direbobinmu da ful suke gaisawa, da shi suke neman hanya.

Sai maganar launi, wadda a kanta nake yawan jayayya da samari. A jikin kwali za ka ga 4300K, 6000K, 8000K, har sama da haka. Mutane sun ɗauka ƙaruwar lambar ƙaruwar haske ce. Ba haka ba ne, launi kawai take nunawa. Halojin yana wajen 3200K, ja-ja. Motocin da ke fitowa da zenon daga kamfani 4300K ake sa musu, fari mai ɗan ratsin rawaya, kuma shi ya fi kowanne yawan haske. Daga 6000K fari ne tas, daga 8000K shuɗi ne, hasken kuma ya ragu. A garin da hazo ke rufe sama daga Disamba zuwa Fabrairu, ga tirela ta tayar da ƙura a gabanka wajen Tureta, shuɗin haske yana bugun ƙurar ya dawo maka, ido ya gaji da wuri. Ni 4300K nake zaɓa wa mutum, in ya matsa ƙwarai 5000K. Haka kuma wat 35 nake sawa. Mai wat 55 yana ƙona rufin ƙyallin da ke cikin furojekta, musamman a zafin Afrilu da ke haura digiri 40, kuma idan ya ƙone babu gyara sai sauyi.

Yanzu aikin kansa. Kashe mota, ka cire kan batir na baƙar waya. Wannan ba abin da za a yi wa gaggawa ba ne: balas, wato ɗan akwatin da ke tayar da ƙwan zenon, yana harba sama da bolt 20,000 a lokacin kunnawa, sannan ya sauko wajen 85. Kada ka taɓa kunna shi babu ƙwai a jiki, kada ka riƙe wayarsa yana aiki. Cire murfin bayan fitila, ka fitar da tsohon ƙwai. Sabon kuma a riƙe shi ta gindi, domin maiƙon yatsa yana sa gilashin ya lalace idan ya yi zafi. In an taɓa, a goge da sifirit. A zura shi ya zauna daram a mazauninsa, 'yar wayar da ke bin jikinsa tana kallon ƙasa, a maƙale shi. Ƙwan da ya zauna a karkace ko da kaɗan ne, layin haske ba zai taɓa fita ba. Murfin baya kuma a huda shi daidai faɗin robar da ta zo da wayoyin, a cusa ta ta toshe ramin. Na sha ganin an jefar da murfin nan gaba ɗaya don wayoyi su samu hanya, kafin damina ta wuce fitilar ta cika da ƙura da raɓa.

Balas a ɗaure shi da noti a jikin ƙarfe, nesa da lagireto da bututun hayaƙi, bakin soket ɗinsa na kallon ƙasa saboda masu wankin mota da ke fesa ruwa cikin inji. Ɗaurin tef ko roba ba ya jure ramukan hanya.

Ba na yarda balas ya sha wuta daga tsofaffin wayoyin fitila. Ko da yake cinsa kaɗan ne idan ya zauna, a farkon tashi yana jan wuta da ƙarfi, kuma nan ne za ka ga ɗaya ta kama ɗaya ta ƙi. Ana jawo waya mai kauri daga batir, a sa fis kusa da kan batir ɗin, ta bi ta rile, wato 'yar na'urar da ke buɗe wa wuta hanya, zuwa balas biyun, tsohon soket kuma aikinsa kawai ya tayar da rile. As a kankare fenti a ɗaure shi a tsirarar ƙarfe. Idan ka kunna ba ta kama ba, kada ka yi saurin cewa kayan jabu ne: halojin bai damu da wace waya ce ja ko baƙa ba, balas kuwa ya damu, sai ka juya soket ɗin. Wasu motocin Toyota ta wayar as suke kunna fitila, dole a bi wayoyin da mitar awon wuta kafin a haɗa. Motocin Jamus irin su Golf na baya-bayan nan da Mercedes kwamfutarsu na lura da cin wutar ƙwai, idan ta ga ya ragu sai ta nuna alama a dashbod ko ta riƙa yanke wutar, fitila na ƙyaftawa. Waɗannan sai da balas ɗin da aka yi dominsu ko 'yar na'urar da ke kashe alamar. Motocin da aka shigo da su daga Amurka da Kanada kuma, da yawansu suna kunna fitila da rana da ragaggiyar wuta. Idan ta ƙwan da ka sauya take bi, a raba ta da shi, domin ragaggiyar wuta tana kashe balas.

Saiti shi ne rabin aikin, kuma sai da dare ake yinsa. Nemi fili mai shimfiɗa da bango, iskar tayoyi daidai, mutum ɗaya a kujerar direba. Matso da motar jikin bango, ka sa alama da alli daidai tsayin tsakiyar kowace fitila. Ja da baya a miƙe mita 10, ka kunna dim. A jikin yawancin fitilu akwai rubutu kamar 1.0% ko 1.2%. Idan 1.0% ne, layin hasken ya sauka santimita 10 ƙasa da alamarka, idan 1.2% ne santimita 12. Rufe ɗaya da tsumma ka saita ɗayar da sukurun da ke bayanta, sannan ka juya. Kusurwar da hasken ke fara tashi ta tsaya daidai saitin fitilar, kada ta ci hagu. Mai ɗaukar buhunan albasa ko gero a but ya sani cewa idan baya ya zauna gaba na ɗagawa, sai ya ƙara sunkuyar da ita, ko ya yi amfani da maɓallin daidaitawa in motar na da shi. Bayan an gama, nakan ce wa mai motar: Alhaji, fito ka taka zuwa can gaba ka ɗan durƙusa daidai tsayin mai babur, ka dubi motarka. Idan ka runtse ido, ba mu gama ba.

Daga nan kulawar kaɗan ce. Tayar da inji kafin ka kunna fitila, don balas ya samu cikakkiyar wuta. Goge murfin kafin tafiyar dare, domin ƙurar da ta kwanta a kansa tana watsa hasken sama ko da saitin ya yi daidai. Ƙwan zenon mai kyau yana kai wa awa 2,000, kuma ba kasafai yake mutuwa farat ɗaya ba: sai ya fara komawa ruwan hoda, ko ya riƙa ɗaukewa yana dawowa. Idan ka ga haka ka sauya biyun tare, don launinsu ya zo ɗaya. Tsohon kuma kada a bar wa yara su fasa, yawancinsu akwai sinadarin makuri mai guba a ciki. Tsofaffin ƙwayayen halojin ɗinka ka naɗe su a tsumma ka ajiye a mota tare da fis guda biyu. Idan balas ya mutu maka a Gwadabawa da tsakar dare, a irin aikin da ba a yanke wayar asali ba, cire soket ne kawai ka mayar da halojin ka ƙarasa gida.