Tokarin kuloci na gida

'Yan'uwa masu fama da gosulon Legas, ba lallai kuloci ya riƙa kaiwa ƙasa ba: ana iya sa wa fedarsa tokari, wato bol da zai tare ta kafin ta kai ƙasa. Ku nemi bol M10 (mai kaurin milimita 10) mai tsawon santimita 5, noti biyu, washa da guntun roba, duk akwai a Ladipo, kasuwar kayan mota. Ja birkin hannu, tada mota, taka kuloci a hankali har ribas ya shiga ba ƙara. Daga nan ƙara taka shi da santimita ɗaya, nan kan bol zai tare fedar. Ɗaura shi a bayanta, noti na biyu ya kulle na farko, roba a kai.

Kar dai a yi rowar wannan santimitar. In tokarin ya yi tsawo kuloci ba zai saki duka ba, giya ta dinga gurzawa, farantin kuloci ya cinye. Motar da sai an taka kuloci take tashi kuwa, ƙin tashi za ta yi.