Neman gidan haya a Niyok ga mai ƙaramin ƙarfi

Kusan duk ɗan'uwanmu da ya sauka a Niyok, daga Yamai ya taso ko Kano ko zangon Kumasi, a falon wani yake fara kwana, galibi a Bronx ko Harlem. Wannan ba abin kunya ba ne. Inda ake yin asara shi ne mutum ya shekara yana damƙa wa mai masaukinsa kuɗin ɗaki hannu da hannu, babu rasit, babu komai a rubuce. A wurin masu gidajen garin nan, wanda ya yi haka bai taɓa biyan haya ba.

Saboda haka tun watan farko ka riƙa biya ta banki, ko ta Zelle, hanyar tura kuɗi ta waya, ko ka sayi moni oda a gidan waya ka adana ɓangaren da ake yage maka. Idan kana jin nauyin ce wa dattijo ya rubuta maka rasit, ka ce masa, "Alhaji, saboda neman gida ne nan gaba." Zai gane, shi ma ta nan ya bi. Ka buɗe asusun banki da adireshin da kake zaune, ka yi katin IDNYC wanda birni ke ba kowa kyauta ba tare da tambayar takardun zama ba, ka tara takardun albashinka a jaka guda.

Ga dalili. Binciken da birni ya yi a 2023 ya nuna kashi 1.4 cikin ɗari kacal na gidajen haya ne babu kowa a ciki, rabon da a ga ƙarancin gida irin wannan tun 1968. Mai gida ke zaɓen ɗan haya. Yawancinsu suna so abin da kake samu a shekara ya ninka kuɗin hayar wata sau 40: gidan dala 1,800 yana neman mai samun 72,000. Direban tasi ko mai kai abinci da keke yana iya samun abin da zai biya hayar, amma idan bai cika takardar haraji ba, da me zai nuna? Masu ɓoye kuɗin shigarsu don rage haraji, a nan suke gane kurensu.

Hanyar da na fi ba sabon zuwa shawara ita ce Housing Connect, shafin intanet na birni inda ake ƙuri'ar gidaje masu rangwame. Wasu na ƙyamarsa wai caca ce, alhali ko sisi ba ka zubawa. Duk wanda ya ce ka ba shi kuɗi ya sa sunanka a gaba, ɓarawo ne. Kowane gini yana da iyakar abin da ake so iyali su riƙa samu, sama da ƙasa, gwargwadon yawansu. Ka duba wannan da kyau, domin wasu gidajen da ake kira masu rangwame sun fi ƙarfin talaka nesa ba kusa ba. Ka nemi duk wanda ka cancanta, ka ci gaba da harkarka, don ana iya shafe shekara ba a kira ka ba. Amma ranar da aka kira, kwanaki kaɗan ake ba ka ka kawo takardu. Kuma a nan rasitan nan ke yin rana: wanda ba shi da tarihin bashi a Amurka yana iya nuna shaidar biyan haya na wata 12 a maimakonsa.

Gidajen gwamnati na NYCHA da tallafin Section 8, inda kake biyan kusan kashi 30 cikin ɗari na abin da kake samu, suna da daɗi ga wanda ya dace, sai dai kada ka jingina da su. Layin Section 8 an rufe shi tun 2009, aka buɗe na mako guda a Yunin 2024, mutane sama da 600,000 suka nema, aka ɗebi 200,000 zuwa layin jira. Sannan sai a cikin iyali akwai mai takardun zama da suka dace.

Akwai kuma gidaje kusan miliyan guda da hukuma ke ƙayyade ƙarin hayarsu duk shekara, yawanci tsofaffin gine-gine masu gida shida ko fiye da aka gina kafin 1974. Bronx cike take da su. Ba a cika tallata su ba. Ta bakin mai kula da gini ake ji, ko a masallaci bayan Juma'a.

In ka sami gida, ka san haƙƙinka kafin ka zaro kuɗi. Tun 2019 dokar jiha ta hana karɓar kuɗin ajiya fiye da hayar wata ɗaya, kuɗin binciken mai nema kuma ba ya wuce dala 20. Daga Yunin 2025, idan mai gida ne ya ɗauko dillali, shi zai biya la'ada, ba kai ba. Kada ka tura ko kwabo kan gidan da a hoton Facebook kawai ka gan shi. Kuma wanda ya yi kwana 30 a wuri, ko ba shi da yarjejeniya a rubuce, ba a canza masa makulli ko a watso masa kaya sai da umarnin kotu.

Ɗakin ƙarƙashin ƙasa yana da araha, amma araha ba ta ado. A ambaliyar guguwar Ida ta Satumban 2021, mutum 11 suka rasu a irin waɗannan ɗakunan. Ka duba ko akwai taga da mutum zai iya fita ta ciki, da ƙofa ta biyu. Haka batun ɗumama ɗaki: daga 1 ga Oktoba zuwa ƙarshen Mayu wajibi ne mai gida ya ba da zafi. Idan ya ƙi, ka kira 311, lambar wayar hukumar birni, kada ka kwana da hita a kunne. Gobarar ginin Twin Parks ta Janairun 2022 a Bronx, wadda ta ci rai 17, yawancinsu 'yan'uwanmu 'yan Gambiya, daga hita ta tashi. Allah Ya jiƙansu.

Idan haya ta taru maka, kada ka yi shiru don gudun a ji. Ofisoshin Homebase suna taimaka wa wanda ke gab da rasa muhalli, hukumar HRA mai kula da jin daɗin jama'a kuma tana da tallafin gaggawa na biyan bashin haya da ake kira One Shot Deal. Mai ƙaramin ƙarfi da aka kai ƙara kotun gidaje yana da damar samun lauya kyauta, amma sai ya halarci zaman. Wanda kuma maganar takardunsa ke gaban hukumar shige da fice, ya fara jin ta bakin lauya kafin ya karɓi kowane tallafi. A 311 ɗin dai za a haɗa shi da na kyauta, ya kuma ce a sa masa tafinta na Hausa ko Faransanci.