Yadda nake tsara tafiyar wuni guda daga Abuja zuwa Lakwaja

Duk wanda zai je Lakwaja ya dawo a ranar, abu biyu ne za su tsara masa wuninsa, rana da jirgin fito. Rana ba ta ɗaga wa kowa ƙafa a garin nan, jirgi kuma sai ya cika yake tashi. Sauran abubuwa a tsakaninsu ake cusa su.

Ka sha mai tun daren jiya, ka duba taya da safaya, ka tashi da an sallame sallar asuba. Tafiyar kusan kilomita 200 ce, ta Gwagwalada, Kwali, Abaji da Koton Ƙarfe, sannan ka haye Gadar Murtala a Jamata. Ka ƙiyasta awa uku, don manyan motoci sun yi yawa a hanyar, ga shingayen bincike. Ban ba ka shawarar zuwa a Satumba ko Oktoba ba. A 2012 da 2022 ambaliya ta datse hanyar a wajajen Koton Ƙarfe, matafiya suka kwana a kan titi. Ni na fi son ƙarshen Nuwamba: ruwa ya janye, hazo kuma bai yi kaurin da zai rufe maka kogi ba.

Da isarka ka nufi Dutsen Patti kafin ƙarfe tara. Tsayinsa ya haura mita 400. Akwai titin mota har sama, amma in ƙafarka lafiya lau, ka ajiye motar a gindi ka taka. Ka sa takalmi mai kama ƙasa, ka riƙe ruwa lita biyu da hula, silifas kuwa ka bar shi a mota. In akwai dattijo ko yara a tare da ku, su hau da mota ku haɗu a sama. Can za ka tarar da tsohon gidan hutun Lugga, gwamnan Turawan mulkin mallaka, kuma daga nan ne za ka hango inda Kwara da Binuwai suka haɗe, garin duka yana shimfiɗe a ƙarƙashinka. Ka zauna ka kalla da kyau, domin daga cikin jirgi ba za ka ga fasalin mahaɗar kamar yadda take daga sama ba.

Kafin sha ɗaya ka sauko ka shiga Unguwar Kabawa. Wannan ne wurin da ba na yarda a tsallake. A Lakwaja Turawa suka tsare sarakunan da suka tuɓe, kuma a nan wasunsu suke kwance. Sarkin Kano Alu, wanda mulkinsa ya ƙare da shigowar Turawa a 1903, a nan ya rasu a 1926. Sarkin Zazzau Aliyu Ɗan Sidi shi ma a nan ya cika a 1924. Kada ka kutsa kai kawai. Ka yi sallama ga dattawan unguwa, ka ce ziyara ka zo, za a haɗa ka da mai nuna maka. Ana jin Hausa sosai a wajen. Ka yi musu addu'a, ka kuma yi wa wanda ya raka ka ihsani. Sauran kayan tarihin Turawa, kamar wurin da aka sauke tutar kamfanin Royal Niger ranar 1 ga Janairun 1900, minti kaɗan sun isa.

Ka yi azahar, ka ci kifi, sai bakin ruwa. Daga Ganaja ake fito zuwa Shintaku, a ƙaramar hukumar Bassa. Akwai babban jirgin da ke ɗaukar motoci, amma tunda yau za ka koma, ka bar motarka a wannan gaɓar a hannun mai gadi, ka shiga na fasinja. Layin motoci kaɗai zai iya cinye maka yammacin. Kafin ka biya, ka tambayi mai jirgi yaushe na ƙarshe yake dawowa, ka sake tambayar wani daban, sannan ka yi niyyar shiga wanda ke tashi kafin shi. Ka riƙe kuɗi a hannu, ƙanana. Waya da makullin mota ka ɗaure su a leda.

Maganar rigar kariya ba ta ciniki ba ce. In babu, ko ka ga an lafta wa jirgi buhuna da babura har ruwa na lasar bakinsa, ka fito ka jira na gaba, ko da an yi maka dariya. Hukumar kula da hanyoyin ruwa ta ƙasa, wadda hedikwatarta ke nan Lakwaja, ta hana tafiyar dare a ruwa, kuma mun sha jin abin da lodi da duhu suka jawo a wannan kogi.

Ƙarfe uku ta yi maka a gaɓar Lakwaja, ka yi la'asar ka kama hanya, domin ka wuce Abaji da sauran haske. In ka ga biyar ta yi kana bakin ruwa, ka kira gida, ka nemi masauki ka kwana, gobe da sassafe ka tafi.