Murar da ta ƙi tafiya: shawara ga wanda ya sauka Ingila

Shekarata ta farko a Mancesta ko atishawa ban yi ba, har ina yi wa waɗanda suka riga ni zuwa dariya idan na gan su da tishu a hannu cikin watan Yuni. Na ce mutumin da ya sha ƙurar hunturu a Kano, wace iska ce za ta dame shi a nan? A shekara ta uku na gane kurena. Hanci ya toshe, ido yana ƙaiƙayi, majina tana zuba kamar an kunna famfo, da dare sai ta baki nake numfashi. Na sha duk abin da na taho da shi daga gida, na shafa Robb, na yi sirace, babu abin da ya canza.

Kuskuren da yawancinmu muke yi shi ne kiran abin mura. Mura ƙwayar cuta ce, tana yin mako ɗaya ko kwana goma ta wuce. Wannan kuwa alaji ne: jiki ya ɗauki wani abu marar lahani a matsayin abokin gāba, duk lokacin da ya shiga hanci sai fatar ciki ta kumbura. Jikin yana buƙatar ya haɗu da abin sau da yawa kafin ya fara faɗa da shi, shi ya sa sabon zuwa kan yi shekara ɗaya ko biyu lafiya lau kafin abin ya taso masa. Idan ka ga atishawa a jere, majina fara kamar ruwa, ga ƙaiƙayin ido da na ganɗa amma babu zazzaɓi, to ka daina jiran ta wuce da kanta.

Abu na farko shi ne ka lura da lokacin da yake kama ka. Wanda ya taɓa shiga gonar gero ya san bununi, wannan garin da yake tashi idan aka girgiza zangarniya. Irinsa ne itatuwa da ciyayin ƙasar nan suke saki a iska, ciwon da yake jawowa kuma Turawa suna ce masa hay fever, sunan da za ka faɗa a kemis ke nan. Na itatuwa yana tashi daga ƙarshen Maris zuwa tsakiyar Mayu, na ciyawa daga tsakiyar Mayu zuwa Yuli, shi ne kuma ya fi kama mutane, na sauran tsirrai yana kaiwa Satumba. Hukumar hasashen yanayi ta Met Office tana sanar da yawansa kowace rana a wannan lokaci. Ranar da aka ce ya yi yawa, ka rufe taga da safe da yamma, kada ka shanya kaya a waje, idan ka dawo gida ka canza tufafi ka wanke fuska.

Idan kuwa toshewar ba ta san rani ko damina ba, kuma ta fi tsanani da asuba kana tashi daga barci, to matsalar a cikin ɗakinka take. Akwai wani ƙwaro ƙanƙane da ido ba ya gani, yana zaune a katifa da matashi da kafet, kashinsa ne yake tayar da hanci. Ba ya jure busasshiyar iska irin tamu ta Arewa, amma gidan Ingila mai kafet daga ƙofa har bene, tagogi a rufe, hita a kunne, aljannarsa ce. A wanke zanen gado kowane mako da ruwa mai zafin digiri 60, a buɗe taga ko na minti goma ne kullum, a daina shanya jiƙaƙƙun kaya a kan hita cikin ɗakin kwana. Idan bango yana yin baƙin fumfuna, rubuta wa mai gida ka ajiye shaida da hoto. In ya yi kunnen ƙashi, sashen lafiyar muhalli na ƙaramar hukuma yana da ikon tilasta masa. Masu zama a gidajen hukuma kuma tun Oktoban 2025 akwai dokar Awaab, wadda ta sanya wa masu gidan wa'adin gyara.

Ga wata magana da na san ba za ta yi wa iyayenmu mata daɗi ba: turaren wuta. Ba shi ne yake haddasa alaji ba, amma hancin da ya riga ya kumbura hayaƙi yana ƙara masa wuta. A gida muna turara ɗaki iska tana ratsa tsakar gida. A nan hayaƙin yana kwana a labule. Ban ce a bari ba, don na san ba za a bari ba. A rage, a buɗe taga, mai ciwon ya fita kafin a sa garwashi.

Yanzu magani. Ƙwayoyin da ake saya ba tare da takardar likita ba su ne cetirizine da loratadine da fexofenadine, guda ɗaya a rana. Sayi mai sunan kantin, maganin ɗaya ne da mai tsadar. Piriton da muka saba da shi yana sa barci, mai tuƙi ko mai aikin dare ya kiyaye. Sai dai ƙwaya atishawa da ƙaiƙayi take kwantarwa, ba ta cika buɗe hancin da ya toshe ba. Abin da yake maganin kumburin kansa shi ne maganin feshi mai sitiroyid, irin su beclometasone da fluticasone da mometasone. Mutanenmu da sun ji sitiroyid sai su tsorata, alhali abin da yake shiga jini daga feshin hanci kaɗan ne ƙwarai. Inda ake faɗuwa shi ne gajen haƙuri. Mutum ya fesa kwana biyu, bai ga komai ba, ya jefa a durowa ya ce ba ya aiki. Yana ɗaukar kwanaki, wani lokaci har mako biyu, kuma kullum ake yi, har ranar da kake jin garau. Wanda ya san watan da ciwonsa yake tashi, ya fara mako biyu kafin lokacin.

Yadda ake fesawa ma rabin maganin ne. Ka fyace, ka girgiza kwalbar, ka sunkuyar da kai kamar mai karatu. Hannun dama ya fesa hancin hagu, na hagu ya fesa na dama, bakin kwalbar yana kallon wajen kunne, ba guringuntsin tsakiya ba, don can ne yake jawo haɓo. Kada ka zuƙa da ƙarfi. Idan ka ji ɗaci a maƙogwaro, maganin ya wuce inda ake son sa. Da azumi malamai sun saɓa a kan feshin hanci, amma da yake yawancin magungunan feshin sau ɗaya ko biyu ne a rana, sahur da bayan shan ruwa sun wadatar.

Akwai wani feshin dabam da nake gargaɗin kowa a kansa, irin su Otrivine da Vicks Sinex. Cikin minti kaɗan hanci yake buɗewa, mutum ya ce ya samu waraka. Idan ya zarce 'yan kwanaki yana yi, hancin zai riƙa toshewa fiye da da duk lokacin da maganin ya sake shi, sai a wayi gari ba ya iya barci sai da kwalba a ƙarƙashin matashi. Kada ya kai mako.

Wanke hanci da ruwan gishiri ba baƙon abu ba ne ga mai shaƙa ruwa a alwala sau biyar a rana. Bambancin shi ne a tafasa ruwan ya huce, kimanin rabin lita, a zuba ƙaramin cokali ɗaya na gishiri da ɗaya na sodar girki, wato baking soda. Ba kanwa ba, don Allah. Kemis suna sayar da robar NeilMed da ƙullin garinta ga wanda ba ya son awo. A wanke tukuna, sannan a fesa magani.

Idan toshewa da majina mai kauri da nauyin fuska ko rashin jin ƙamshi suka kai mako 12, to kumburin ya zauna a kogunan da suke cikin ƙashin fuska, wani lokaci har da tsiron nama a hanci. A nan ne ɗan'uwa yake aikawa gida a kawo masa Ampiclox. Ɓata kuɗi ne, domin wannan kumburi ne, galibi ba ƙwayar cutar da maganin yake kashewa ba. Je wurin likitan unguwa, wato GP. Rajista kyauta ce, a Ingila kuma ba a sharɗanta takardar zama ko shaidar adireshi ba. Kada ka ce masa kawai kana mura, zai ce ka sha ruwa ka huta. Faɗa masa wata nawa ke nan, wane feshi ka yi kullum na tsawon wane lokaci, da yadda abin yake hana ka barci ko aiki. Idan kana tari da dare ko ƙirji yana kuka, ka faɗa, don alajin hanci da asma 'yan gida ɗaya ne. Tun 2024 kowane magani da likita ya rubuta fam 9.90 ne a Ingila, kyauta ne a Sikotland da Wales. Mai karɓar magunguna da yawa ya sayi takardar biyan kuɗin magani na shekara gaba ɗaya, ta fi sauƙi.

Daga GP ake tura mutum wurin likitan kunne da hanci da maƙogwaro, ko asibitin alaji. A can ana ɗiga ruwan abubuwan da ake zargi a hannu a ɗan soka fatar, cikin minti 15 wanda jikinka ba ya so zai kumbura kamar cizon sauro. Ana daina shan ƙwayar alaji kwanaki kafin gwajin. Ga wanda feshi da ƙwaya suka kāsa, akwai maganin da yake koya wa jiki haƙuri da abin, hanyar da likita Leonard Noon ya fara a asibitin St Mary's na Landan a 1911. Yau ƙwaya ce da ake sa wa ƙarƙashin harshe kullum, Grazax don ciyawa, Acarizax don ƙwaron katifa, na tsawon shekara uku, ana shan ta farko a gaban likita. Ita ce kaɗai amfaninta yake ɗorewa bayan an daina. Layin yana da tsawo, kuma ta ciyawa ana fara ta watanni kafin lokacin, don haka a kaka ake neman turawa, ba a Yuni ba. Allurar Kenalog da wasu shaguna suke tallatawa kuwa, hukumar lafiya ta ƙasar, wato NHS, ta daina yin ta don wannan ciwo saboda illolinta.

Abin da ba a jira da shi: kumburi a kewayen ido, gani biyu-biyu, matsanancin ciwon kai da zazzaɓi ko sanƙarewar wuya. Wannan sashen gaggawa ne a ranar, ko a kira 111, lambar wayar NHS ta neman shawarar gaggawa. Hanci ɗaya da ya toshe shi kaɗai yana fitar da jini kuma, a nuna wa GP cikin makon.