Darasi na Tara: Zaɓen Maɗauri Idan Targaɗen Wuyan Hannu Ya Taɓa Babban Yatsa

Mutum ya zame a bakin rijiya, ko babur ya kayar da shi, abu na farko da yake yi shi ne dafa ƙasa da tafin hannu. Nauyin jiki duka sai ya sauka a wuyan hannu. A wurin akwai ƙananan ƙasusuwa 8 jere a sahu biyu, jijiyoyi masu tauri sun ɗaure su da juna. Idan jijiyoyin nan suka miƙe fiye da ƙima ko suka ɗan yage, shi ne targaɗe. Maɗauri ba ya haɗa jijiya. Aikinsa ya hana gaɓar motsi har jiki ya yi gyaransa da kansa. To amma ciwon da ya gangaro gindin babban yatsa yana da nasa hukunci, domin ba kowane maɗauri ne ke riƙe yatsan ba, kuma ba kowane ciwon wurin ne targaɗe ba.

Kafin ka je kemis

Buɗe hannunka mai lafiya, ka ɗaga babban yatsa sama. A gindinsa, ta gefen wuyan hannu, za ka ga wani ɗan rami ya fito tsakanin jijiyoyi biyu. Nemi wannan ramin a hannun da ke ciwo, ka danna da yatsa ɗaya. Sannan ka kama babban yatsan ka tura shi a hankali zuwa cikin wuyan hannu. Idan ɗaya daga cikin biyun nan ya sa ka zabura, kada ka sayi komai da sunan magani tukuna. Asibiti za ka, a ɗauki hoton ƙashi.

A ƙarƙashin ramin nan akwai wani ƙaramin ƙashi mai siffar kwale-kwale, kuma cikin ƙasusuwan nan 8 shi ya fi yawan karyewa. Karayarsa mayaudariya ce: kumburi kaɗan, hannu bai karkace ba, yatsu na motsi, kowa ya gani sai ya ce targaɗe ne. Sau da yawa ma hoton ranar farko ba ya nuna tsagewar, shi ya sa likita kan ɗaure hannun ya ce a dawo bayan kwana 10 zuwa 14 a sake dubawa. A koma, ko da ciwon ya lafa. Jini kaɗan ne ke kai wa ɓangaren ƙashin nan na ciki. Idan aka bar shi yana motsi ba ya haɗewa, wani ɓangarensa na iya mutuwa, bayan shekaru kuma wuyan hannu ya sage da ciwon da ba ya jin magani. Wanda aka gano da wuri, ɗaurin siminti na mako 6 zuwa 12 yakan wadatar. Wanda aka yi sakaci da shi, sai tiyata. Maɗauri mai kyau yana rage zafin wannan karaya sosai, kuma a nan haɗarinsa yake, domin mutum zai ɗauka ya warke.

Haka kuma asibiti kai tsaye idan hannun ya karkace, ko yatsu sun mutu ba ka jin su, ko sun yi sanyi sun canza launi, ko akwai rauni a buɗe. Yaro da tsoho ba a yi musu hukuncin targaɗe a gida, domin ƙashinsu kan riga jijiya ba da kai. Babban asibitin gari mai na'urar hoto ya isa ga matakin farko. Idan abin ya fi ƙarfinsu za su tura ka inda ƙwararrun ƙashi suke, irin Asibitin Ƙashi na Dala a Kano.

Saura gwaji biyu. Riƙe makulli tsakanin babban yatsa da manuni kamar za ka buɗe kwaɗo. Idan ba ƙarfi, yatsan kuma yana gocewa gefe, mai yiwuwa jijiyar da ke gaɓarsa ta tsakiya ce ta tsinke, kuma wadda ta tsinke gaba ɗaya ɗinki take so cikin makonnin farko. Na biyu, naɗe babban yatsa cikin tafin hannu, ka dunƙule sauran a kansa, ka lanƙwasa wuyan hannu zuwa ɓangaren ƙaramin yatsa. Idan zafi ya tsarga ta gefen babban yatsa alhali ba faɗuwa ka yi ba, jijiyoyin da ke ɗaga yatsan ne suka kumbura. Wannan ya yi yawa ga masu jego saboda ɗaukar jariri, da masu matsar wanki da daka.

Irin maɗaurin da za ka nema

A kemis za a iya nuna maka abu uku. Akwai bandeji mai naɗewa da safar roba da ake zurawa a hannu. Waɗannan suna matse kumburi, suna tuna maka cewa hannun ba lafiya, amma ba sa hana motsi. Akwai maɗaurin wuyan hannu mai ƙarfe a ɓangaren tafi, wanda babban yatsa ke fitowa ta wata kafa yana yawo abinsa. Shi ne aka fi samu, shi ne kuma aka fi saya bisa kuskure. Ga targaɗen da ya tsaya a tsakiyar wuyan hannu ya yi daidai, amma jijiyoyin babban yatsa suna ratsawa ta wuyan hannu ne, duk lokacin da yatsan ya motsa sai ya ja wurin da ke ciwo.

Na uku shi ne naka: maɗauri mai riƙe wuyan hannu da babban yatsa tare. A jikin kwalinsa ana rubuta Thumb Spica, kana iya kwafar sunan a takarda ka nuna wa mai kemis. Yana da ƙarfe biyu, ɗaya a ƙarƙashin tafi, ɗaya ya bi gefen babban yatsa. Shi ma iri biyu ne. Gajere yana tsayawa a wuyan hannu, ya dace da ciwon yatsa kaɗai. Dogo yana hawa kamar rabi zuwa kashi biyu cikin uku na hanyar gwiwar hannu. Tunda ciwonka ya haɗa wuri biyu, dogon za ka ɗauka.

Aro tef ɗin tela ka auna zagayen wuyan hannu, daidai inda ake ɗaura agogo. Yawancin manya suna faɗawa tsakanin santimita 14 zuwa 20. Kowane kamfani da nasa awon, saboda haka duba jadawalin bayan kwali, kada ka dogara da ido. Idan awonka ya faɗa tsakanin girma biyu kuma hannun a kumbure yake, ɗauki babban, igiya za ta rage shi. Lura da harafin L. A wani wuri yana nufin babba, a wani wuri yana nufin hannun hagu, R kuma na dama. Mutane da yawa sun kai gida kafin su gane. Mafita ita ce ka gwada a shagon.

Zaɓi mai igiyoyi masu mannewa guda uku a hannu da ɗaya a yatsa, domin kumburi na hawa yana sauka. Ƙarfen ya zama wanda ake zarewa, a lanƙwasa shi ya bi siffar hannunka. A ƙasarmu mai zafi, mai yadi da ƙananan huji ya fi mai roba zalla, wadda ke tara gumi ta kawo ƙuraje. Na gwanjo kuwa, duba shi da kyau: idan igiyar ta daina kamawa ko ƙarfen ya karye, kuɗinka ka zubar.

Yadda ake ɗaurawa

Fara cire zobe, awarwaro da agogo. Zoben da aka bari a yatsa mai kumbura, wani lokaci sai an yanka zoben. Wanke hannu ka tsane shi. Tsohuwar safar auduga da aka yanke bakinta, aka huda wa babban yatsa kafa, tana kare fata idan aka sa ta a ciki.

Saita hannun kamar kana riƙe da kofin shayi: wuyan hannu ya ɗan ɗago baya kaɗan, babban yatsa yana fuskantar manuni. Ɗaura igiyar tsakiya da ke kan wuyan hannu tukuna, sai ta sama, sai ta tafi, ta yatsa a ƙarshe. Bakin maɗaurin kada ya wuce layin da ya ratsa tafin hannu, don sauran yatsu huɗu su iya dunƙulewa. Kan babban yatsa ya fito waje ana ganin farce.

Yanzu gwada matsin. Yatsa ɗaya ya iya shiga ƙarƙashin kowace igiya. Danna farcen babban yatsa har ya yi fari, ka saki: ya kamata jini ya dawo cikin daƙiƙa 2. Idan ka ji kamar ana tsira maka allura, ko yatsu sun kumbura sun yi sanyi, sassauta nan take. Idan minti 15 suka wuce ba su dawo daidai ba, nufi asibiti. Wannan doka ta hau kan kowane ɗauri, har da na maɗori da karare. Ɗaurin da ya toshe jini kan sa hannu ya ruɓe, kuma an yanke hannayen yara da dama a dalilinsa.

Kwanakin da ke biye

A kwana biyu zuwa uku na farko, cire maɗaurin kowane awa 2 zuwa 3 ka ɗora ƙanƙara ko ledar ruwa mai sanyi, a naɗe cikin tsumma, na minti 15 zuwa 20. Ɗora hannun a kan matashi ya fi ƙirji tsawo. A waɗannan kwanaki a bar gashi da ruwan zafi, da man zafi, da murza wurin ko jan yatsa "don jijiya ta koma". Duk suna ƙara kumburi. Babba na iya shan farasitamol mai miligiram 500 ƙwaya biyu, kada ya wuce ƙwaya 8 a awa 24. Mai gyambon ciki, mai ciwon ƙoda da mai juna biyu su guji ibuprofen da diclofenac sai da izinin likita.

Lokacin alwala ko wanka, a cire a hankali, a tsane hannu sosai kafin a mayar, sai dai idan likita ya ce kada a cire sam. Kullum a motsa yatsu huɗu, gwiwar hannu da kafaɗa. Tuƙa babur ko keke da maɗauri a hannu haɗari ne, domin ba za ka iya damƙe birki ba.

Ƙaramin targaɗe yana sauƙi cikin mako ɗaya zuwa biyu, mai ƙarfi yakan kai mako 6. Kumburin jijiyar masu jego kan so maɗauri na mako 4 zuwa 6. Da zarar zafi ya ragu, fara cirewa da rana kana lanƙwasa hannun sama da ƙasa sau 10, sau uku a yini, ka mayar da shi lokacin aiki da barci. Wanda ya bar shi wata da watanni saboda tsoro zai tarar da gaɓa ta sandare, tsoka ta rame. Idan kuwa mako biyu suka cika kana danna ramin gindin yatsa kana jin zafi kamar ranar farko, ɗauki maɗaurin a hannunka ka koma a sake hoto.