Yadda za ka tsara tazarar hotuna in za ka ɗauki taimlaps na hadari

Taimlaps shi ne ɗaukar hotuna ɗaya bayan ɗaya da tazarar lokaci a tsakaninsu, sannan a haɗa su su zama bidiyo mai gudu da sauri. Kafin ka kunna kamara ka fara da lissafi tukuna, nan ne mutane da yawa ke yin kuskure.

1. Yanke tsawon bidiyon da kake so. A ce sakan 10. Bidiyo kan ci hoto 24, 25 ko 30 a duk sakan ɗaya, a ce 30 ka zaɓa, kenan hoto 300 kake buƙata.

2. Sai ka duba tsawon lokacin da abin zai ɗauka. Hadari in ya taso daga gabas a ce kana da kamar minti 15 kafin iska ta buso, wato sakan 900, raba shi da 300 ka samu sakan 3. Tazararka kenan. In gajimare na gudu sosai rage zuwa sakan 1 ko 2, in ba haka ba bidiyon zai riƙa tsalle-tsalle ba daɗin kallo, faɗuwar rana kuma sakan 5 ya wadatar, taurari sai ka kai 20 zuwa 30 saboda kowane hoto na buƙatar lokaci kafin ya sha haske.

3. Kafa kamara kan mai ƙafa uku, ka danne ƙafafun da dutse ko jaka saboda iska.

4. Mayar da komai manuwal, wato kai za ka saita da hannunka, fokas da haske duka. Otomatik zai sa hasken ya riƙa ƙyaftawa.

5. Caja batir ya cika, memori ya zama akwai fili a ciki, kuma dan Allah ka tanadi leda ka rufe kamarar da zarar yayyafi ya fara.