In aka kira ka gaban kwamitin ladabtarwa a jami'a, ga yadda za ka yi

Da yawa daga cikin ɗaliban da ake kora daga jami'a saboda satar amsa tun a cikin hol ɗin jarrabawa suke kayar da kansu, kafin ma kwamiti ya zauna. Inbijileta, wato mai sa ido a jarrabawa, ya tsaya a kanka, ya ɗaga takardarka, ya ce tashi, kowa ya juyo yana kallonka, jikinka na ɓari, sai a miƙo maka fom a ce rubuta bayani ka sa hannu. Nan fa ake yin ta. Na ga wani ɗan ajinmu da idona, 'yar takarda aka tsinta a ƙarƙashin bencinsa, ba ma rubutunsa ba ne, amma don tsoro sai ya rubuta wai yana neman afuwa ba zai sake ba, yana ganin in ya yi ladabi za a ƙyale shi. Wannan layin guda shi aka karanta masa ranar zama, kuma shi ya kai shi gida.

To ka cike fom ɗin, kar ka ƙi, don a yawancin makarantu ƙin cikewa shi kansa laifi ne daban. Amma abin da ya faru kawai za ka rubuta, da hannunka, da kalmominka. An samu takarda a wuri kaza, ƙarfe kaza, ba tawa ba ce, ko kuma tawa ce in taka ce. Kar wani ya yi maka shifta. Ka sa kwanan wata, ka ja layi a sauran filin da ya rage don kar a ƙara wani abu bayan ka tafi. Kar ka yaga takardar, kar ka haɗiye ta (eh ana yi, wallahi), kar ka yi wa inbijileta rashin kunya, duk waɗannan sabon caji ne kake ƙara wa kanka. Ka riƙe sunan waɗanda ke zaune kusa da kai. Ka kuma nemi a bar ka ka ƙarasa jarrabawar, dokokin jami'o'i da yawa sun yarda da hakan tunda zargi ne ba hukunci ba.

Kana fita ka nemo littafin dokokin ɗalibai, wanda aka ba ku ranar rantsuwa kuka jefa ƙarƙashin katifa. A ciki ne aka jera laifuka da hukuncin kowanne, wani gargaɗi ne, wani soke kwas, wani dakatarwa simesta ɗaya ko biyu, wani kora gaba ɗaya. Ka san inda naka ya faɗa kafin ka shiga.

Takardar gayyata kuma ka dinga duba allon sanarwa na sashenku da na ofishin harkokin ɗalibai, don wani lokaci ana hutu ake liƙa ta kana can gida kana ta bacci. In ba ka je ba za a iya yanke hukunci a bayan idonka, kuma kotu ba za ta ce an hana ka magana ba tunda an kira ka kai ne ba ka zo ba. In rashin lafiya ce ko wani uzuri na gaske ka rubuto wasiƙa ka haɗa da takardar asibiti.

Haƙƙinka fa ba alfarma ba ce. Sashe na 36 na kundin tsarin mulkin Najeriya na 1999 ya ba kowa damar a saurare shi da adalci, ma'ana a gaya maka takamaimai abin da ake zarginka da shi, a ba ka lokacin shiri, ka ga hujjar da aka kawo, ka ji abin da shaidu suka faɗa ka yi musu tambaya, ka kawo naka shaidun, sannan wanda ya kawo ƙararka ba zai zauna cikin masu yanke maka hukunci ba. Wannan na ƙarshen shi ne ya ceci ɗaliban Jami'ar Maiduguri. A 1983 an yi tarzoma a makarantar, an yi ɓarna da ƙone-ƙone, aka kafa kwamitin bincike, aka kori ɗalibai. Ashe shugaban kwamitin, mataimakin shugaban jami'ar, yana cikin waɗanda ɓarnar ta shafa. Gani Fawehinmi ya tsaya wa ɗaliban har Kotun Ƙoli, a 1986 kotun ta soke korar a shari'ar da lauyoyi ke kira Garba da Jami'ar Maiduguri, ta ce mutum ba ya zama alƙali a kan abin da ya shafe shi, kuma manyan laifuka irin ƙona gini da kwasar ganima kotu ce ke tabbatar da su ba kwamitin makaranta ba. Amma kar wannan ya ruɗe ka, a 2004 Kotun Ƙolin dai ta ce a shari'ar Esiaga da Jami'ar Kalaba makaranta na da ikon dakatar da ɗalibi kafin a gama bincike.

Ranar zama ka sa kayan kirki ka je da wuri da katin shaidarka. Ka gaishe su, ka amsa abin da aka tambaye ka kawai, kar ka shiga ba da labarin wai ai kowa ma yana yi. In ka ga lakcaran da ya kama ka a zaune cikin 'yan kwamiti, cikin ladabi ka ce ranka ya daɗe ina roƙon a rubuta cewa ban gamsu da zamansa a nan ba. Ba sai ka ɗaga murya ba, a dai rubuta. In kuwa ka san ka aikata, ni shawarata ka faɗi gaskiya ka nemi sassauci, don farfesoshin nan sun shekara ashirin suna jin ƙarya iri-iri, taka ba sabuwa ba ce. Kuma don Allah ka gaya wa iyayenka da wuri, kar sai takardar kora ta fito kana ta zaman hostal kana cin kuɗin makaranta na ƙarya.

Kwamiti shawara yake bayarwa, hukumar jami'a ce ke zartarwa, sai a ba ka a rubuce. In dakatarwa ce ko kora, dokokin da suka kafa jami'o'in tarayya sun ba ka damar ɗaukaka ƙara zuwa majalisar gudanarwa ta jami'a, sai dai hukuncin na ci gaba da aiki har su duba. Wa'adin gajere ne, ka duba littafinku. Ka rubuta ta hannun rijistara, ka faɗi inda aka saɓa ƙa'ida ɗaya bayan ɗaya ba kuka da magiya kawai ba, ka yi fotokwafi biyu a buga maka hatimin karɓa a kan naka.

In abin ya ƙi sai kotu, jami'ar tarayya Babbar Kotun Tarayya ake kai ta. Ka ga lauya da wuri saboda akwai dokar kare jami'an gwamnati mai wa'adin wata 3 da jami'o'i ke fakewa da ita su ce ka makara. Ba ka da kuɗin lauya, ka leƙa ofishin Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa ko Hukumar Karɓar Koke-koken Jama'a na jiharku, ko ka tambaya a tsangayar shari'a ko suna da ofishin ba da shawara kyauta, ka tafi da duk takardun nan a fayil ɗaya har da kwafin gayyatar farko.